Hular Jariri Kafin Hunturu: Jagorar Koya wa 'Yan Makaranta Saƙar Sadaka a Kura da Bunkure

Duk manomin da ya taɓa shuka alkama a Kadawa ya san abin da yake roƙo daga tsakiyar Nuwamba: sanyi. In hunturu ya sauka da wuri, ya yi ƙarfi, ya kuma daɗe, alkama ta cika, tumatir ya yi kyau. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, arzikin wannan yanki ya ɗauru da watannin ɗari. Sai dai sanyin da ake maraba da shi a gona shi ne yake kutsawa ɗakin mai jego da asuba, kuma ba a dakatar da haihuwa don hunturu ya zo.

Sabon jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. A jiƙe yake fitowa, kitsen jikinsa kaɗan ne, kansa kuma ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, don haka in aka bar kan a buɗe zafi mai yawa ke fita ta nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Da ya yi ƙasa da haka, sanyi ya fara cinsa. Bakwaini da wanda bai kai kilo 2.5 ba su ne suka fi shiga haɗari. A jagorar da hukumar ta fitar a 1997 ta jera abubuwan da ke tsare wa jariri ɗuminsa, daga ciki akwai goge shi nan take, da ɗora shi a ƙirjin uwa, da ba shi nono da wuri, da jinkirta wanka, da rufe masa kai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya, cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa cika wata guda. Hula ba za ta kawar da wannan ba. Amma a cikin duk abubuwan nan, ita kaɗai ce yarinya 'yar shekara goma za ta iya yi da hannunta, a cikin aji, ta gama kafin hutun Disamba.

Wannan jagora ta malamai ce, na firamare da ƙaramar sakandare da Islamiyya. Ƙa'idarta guda ce: ba daga ulu ake farawa ba, daga kan jaririn ake farawa, da ranar da sanyi zai same shi, sannan a yi lissafi a dawo baya. Sadakar da ba ta shiga kai ba, ko ta iso a watan Maris, ɓarnar zare ce da ɓarnar zuciyar yaro.

Kafin a sayi ko curi ɗaya

Tafiyar farko asibiti za a yi ta, ba kasuwa ba. Malama ta je ɗakin haihuwa na asibitin da ya fi kusa da makarantar, ko ƙaramin asibitin gari ne ko Babban Asibitin Kura, ta nemi wadda ke shugabantar wurin a lokacin da babu cunkoson awo. Magana kaɗan ta isa: "Sista, sannu da aiki. Daga makaranta muke. Muna son yaranmu su saƙa wa jarirai huluna kafin sanyi. Haihuwa nawa kuke karɓa a wata? Ƙanana kuka fi bukata ko daidai wa daida? Wane abu ne ba kwa so a sa a jiki?" Amsarta ita ce tsarin aikin. In ta ce barguna sun fi yi musu ƙaranci, sai a karkata can.

Da yake yawancin haihuwa a ƙauyukanmu a gida ake yi, a bi ta hannun mai unguwa a gai da ungozomomi su ma. "Iya, in muka kawo, za ki riƙa ba masu jego?" Ita ce ke shiga ɗakin da ma'aikacin lafiya ba ya kaiwa, cikin dare, a rugar da ke bayan kanal.

Sannan a zauna da hedimasta da kwamitin iyaye. Lalle za a sami uban da zai ce, "Malama, boko muka turo ta ko saƙa?" Tambaya ce mai kyau, a ba ta amsar kirki. Ba za a taɓa lokacin lissafi ko karatu ba. Lokacin aikin hannu za a yi amfani da shi, wanda a makarantu da dama ya koma "kowa ya kawo tsintsiya ko kuɗinta". Ba kuma za a tsare yara bayan an tashi ba, domin akwai mai kai abinci gona, akwai mai ɗaukar talla, akwai Islamiyyar yamma. Kuma yarjejeniyar da nake ganin ta fi adalci ita ce: hula ta farko ta sadaka ce, ta biyu ta gidan yaron ce, ya kai wa ƙaninsa ko ɗan maƙwabta. Daga nan sana'a ta shiga hannu. Kayan sanyin jarirai abin saye ne a duk lokacin barka da suna.

Abu ɗaya da ba za a yi ba ko ana ha-maza-ha-mata shi ne ɗora wa yara kuɗin ulu. Ranar da aka ce kowa ya kawo kaza, ranar 'yar talaka za ta daina zuwa, alhali ita ce aka fi son ta ɗanɗani zama mai bayarwa. A nemi taimakon masu injin casar shinkafa na Kura, da dillalan tumatir na Kwanar Gafan, da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. A roƙe su ulu, ba kuɗi ba. Kwalin ulu ba ya jawo zargi, kuma a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a littafi ɗaya da kowa zai iya buɗewa.

Maza fa? A sa su. Wanda ya ce saƙa ta mata ce bai san garin da yake tsaye ba. Maza ne suka saƙa siraran ƙyallayen turkuɗi, maza ne suka rina su a marinar Kura, suka buga su har suka yi ƙyalli, aka kai wa Buzaye can cikin Sahara, har baƙin rawanin ya ɗauki sunan garin ana ce masa ɗan Kura. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, cinikin tufafin ƙasar ne ya fi ba shi mamaki. Yaron da kakansa na sama marini ne ba zai ji kunyar zare ba in an gaya masa wannan.

Lissafin kwanaki

Zangon farko yana farawa a Satumba ya ƙare a Disamba, amma a nan ba duk makonninsa ne na makaranta ba. Daga Oktoba zuwa Nuwamba ga korar tsuntsaye, ga yankan shinkafar damina da bugunta, ga dashen tumatir, aji sai ya yi rabi. Saboda haka koyarwar kanta, wadda ke bukatar kowa ya zauna, dole a gama ta a makonni ukun farko. Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya riga ya iya, ko ya yi fashin kwana biyu zai dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

A kuma san nauyin aikin, kada a yi wa asibiti alkawarin da ba za a cika ba. Hular da za a bayyana a ƙasa tana da ido 30 a layi, wato zagayen zare 30 a kan tsinke, layi kusan 112, jimla 3,360. In sabon koyo yana yin ido goma a minti, ya bukaci sama da awa biyar da rabi. Da zama biyu a mako, kowane minti arba'in, mako huɗu ke nan da 'yan kai, ban da kuskure da warwara da fashi. To, hula ɗaya ga kowane yaro kafin ƙarshen Nuwamba, wannan shi ne abin da za a iya. In yara arba'in ne, a ce wa Sista talatin.

Kayan aiki

Ulun da ke kasuwanninmu na roba ne, ba gashin tumaki ba. Yana jure wanki, asu ba ya cinsa, ya kuma fi araha in an saye shi dozin-dozin a Kantin Kwari ko Sabon Gari. Kafin a biya, a goga shi a wuya. In ya yi kaushi a wuyan babba, ba na jariri ba ne. Yawancinsa siriri ne, sai an riɓa biyu. Launi kuwa, a ɗauki mai haske, tsanwa ko shuɗi mai haske ko ruwan hoda, domin a baƙi ko shuɗi mai duhu yaro ba ya ganin inda zai soka. Fari fat ba ya zaman lafiya da ƙurar hunturu. Hula ɗaya ba ta wuce giram talatin.

Na gwaji kuwa ba sai sabo ba. Tsohuwar suwaita daga 'yan gwanjon Ƙofar Wambai tana ba da zare mai yawa, amma a juya cikinta a duba haɗin gefe. In an yanka saƙar ne aka bi bakin da keke, a ajiye ta, guntaye kawai za ta bayar. In kowane ɓangare da bakinsa aka haɗa, za ta warware tiryan-tiryan. A naɗe zaren a bayan kujera, a ɗaure, a wanke, a rataye shi da ɗan nauyi a ƙasa har lanƙwasar ta miƙe. Wannan na koyo ne da barguna. Hular sabon jariri da sabon ulu ake yin ta.

Tsinken saƙa mai kaurin milimita 4 zuwa 5 ake so, wato bai kai fensir ba. In babu na kasuwa, gora ta wadatar. A tsaga, a fere ta tsawon santimita 25, a goge da sanfefa har ba ta kama zare, a shafa mata kyandir. Bakin ya zama dakusasshe kamar fensirin da aka daɗe ana rubutu da shi, a ɗaura roba a gindi don kada saƙa ta zame. Wannan aiki ne da 'yan aji shida za su yi a zama ɗaya. Tsinken tsintsiya, da yara da yawa ke fara wasa da shi, siriri ne kuma yana karyewa. Tsinken tsire da wayar ƙafar keke kuwa tsininsu ya yi yawa a ajin da ake zama kafaɗa da kafaɗa. Sauran kaya: almakashi biyu, tef ɗin tela, basilla mai dakusasshen baki, kwarashi ɗaya don ceto, da jaka ga kowane yaro da sunansa. Kada a yi jakar da buhun taki ko na iri mai magani.

A wata makarantar za a tarar babu malamin da ya iya tsinke biyu, amma a cikin gari akwai matar da ke saƙar kwarashi tana sayarwa. A je a roƙe ta ta hanyar da ta dace, a kuma ba ta ladan lokacinta. Kwarashi ya fi sauri, ya fi cin ulu, saƙarsa ba ta kai ta tsinke miƙewa ba, amma malama mai kwarashi da ke nan ta fi malama mai tsinke da babu. Sharaɗi dai ta yi saƙa cikakkiya, ba mai ramukan ado ba.

Zama na farko

Mutum ɗaya ba ya koya wa arba'in saƙa. Hannu ake kamawa, kuma fiye da sababbi shida sun fi ƙarfin ido ɗaya. A zaɓi yara takwas tun makon farko, a koya musu su kaɗai, sannan kowanne ya zauna da huɗu ko biyar. Kada a zaɓa da sakamakon jarrabawa. Sau da yawa yarinyar da ke can baya, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ita ce ta iya kitso da saƙar faifai, kuma cikin kwana biyu za ta wuce malamarta. Ranar da 'yan gaban aji suka fara zuwa wurinta suna cewa "Don Allah duba mini", an yi mata abin da ba a taɓa yi mata ba a makarantar. 'Yan aji huɗu zuwa sama ne suka dace da tsinke. Ƙanana a ba su naɗin zare da sarƙar yatsa.

Kowane zama da wanke hannu da sabulu yake farawa. A yankin noman rani wannan ba ƙa'idar banza ba ce: hannun da ya taɓa taki ko ganyen da aka yi wa feshi da safe shi ne zai riƙe abin da za a sa wa ɗan kwana ɗaya.

Kada a fara da ɗora zare a tsinke, ya fi komai rikitar da sabon shiga. Malama ta ɗora ido goma sha biyar, wato zagayen zaren da ke zaune a kan tsinke, ta saƙa layi uku, sannan ta miƙa. Ta zauna gefen yaron, ba gabansa ba, don ya ga hannun yadda zai ga nasa. Tsinke mai saƙa a hagu, wanda babu komai a dama, zare a baya. Motsi huɗu ne, a sa su riƙa faɗa da baki: soka, zaga, jawo, saki. A soka bakin tsinken dama cikin idon farko daga gaba, ya ɓullo ta bayan na hagu. A zagayo da zaren ta bayan tsinken dama ya faɗo tsakanin tsinkayen biyu. A jawo bakin tsinken dama da sabon zaren ya fito gaba ta cikin tsohon idon. A saki tsohon ya zame daga na hagu. In layi ya ƙare, a musanya hannu, a sake. Shi ke nan, kuma da wannan kaɗai za a gama hula. Bahago a bar shi ya gwada haka tukuna, tunda hannu biyu ne ke aiki. In ya ƙi, malama ta koma gabansa ya kwaikwayi hannunta ta ɓangarensa. Ba a dukan hannu a wannan aji.

Kurakuran sanannu ne, kowane yaro sai ya bi ta cikinsu. Na farko matsewa: tsoro ke sa ya ja zare har tsinke ya ƙi shiga. A ce ya sassauta, ido ya riƙa yawo a kan tsinke. Na biyu, saƙa ta riƙa faɗi. Ko dai ya soka tsakanin zaren da aka riɓa ya mai da ɗaya biyu, ko a farkon layi ya ja zaren ta saman tsinke har idon farko ya yi kama da biyu. Na uku, an kira shi ya ajiye aiki a tsakiyar layi, ya dawo ya juya ta inda ya fito. Maganinsa a tuna cewa tsinken da zaren curi ke fitowa daga gare shi shi ne na dama, kuma a saba da ƙarasa layi kafin a tashi. Na huɗu, ido ya zame. Wannan kamar ɓarakar bakin fangali ce, in an gani da wuri dunƙulen laka ɗaya ya isa, in an bari sai ta bi har ƙasa. A cafke shi da fil, a kira mai kwarashi ya hauro da shi. Abin da ke tsare duka huɗun shi ne ƙirga a ƙarshen kowane layi. Yaron da ya ƙirga talatin sau ɗari, ya auna da tef, ya lissafa saura nawa, bai bar darasin lissafi ba.

Tsumman gwajin farko zai fito da ramuka, gefe a karkace. Nasa ne, kada a warware masa a gaban jama'a, kada a ɗaga shi a yi dariya. Ya zama abin share allo ko zanen 'yartsana. A mako na uku a koya ɗorawa da rufewa. Ɗorawa: a yi zarge ɗaya a tsinken hagu, a soka, a zaga, a jawo, amma maimakon a saki, sai a mayar da sabon idon kan na hagu, a yi ta yi har a cika adadi. Rufewa: a saƙa biyu, a ɗaga na farko a tsallakar da shi kan na biyu ya faɗi, a saƙa wani, a sake tsallakarwa, har ya rage ɗaya, a yanke zare a zura ta ciki. A yi shi sako-sako.

Hular kanta

Zagayen kan jaririn da ya cika watanninsa yana tsakanin santimita 33 da 35. Hula kuwa sai ta ɗan gaza kai, domin saƙa tana miƙewa. Kafin a raba aiki malama ta saƙa gwaji da ulun da tsinken da za a yi amfani da su, ta ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. In 20 ne, lissafin nan ya yi daidai. In ba haka ba, a bi santimita, a gyara adadin.

A ɗora ido 30, faɗin santimita 15 ke nan. A yi ta saƙa har tsawo ya kai santimita 28 ba tare da an ja ba. A rufe, a bar jelar zare kamu ɗaya da rabi. An sami dogon ƙyalle. A haɗa farkonsa da ƙarshensa, baki da baki, kada ɗaya ya hau ɗaya, a ɗinke da basilla a kwance don kada ƙullutu ya kwanta a kan jariri. Sai a bi gefe ɗaya da zaren ana sokawa a kowane tudu, a ja ya tattare kamar bakin jaka, a gicciya ɗinki biyu a toshe ramin, a ɓoye jelar cikin saƙa a yanke. A naɗe bakin ƙasa kaɗan. Ta bakwaini ido 24 ce, tsawo santimita 23. A yanka kwali daidai waɗannan awo biyu a rataye a aji, kowa ya riƙa ɗora aikinsa a kai. A kuma nemi ƙaramin duma mai zagayen santimita 34 ya zama kan gwaji. Hular da ta zamo ta rufe inda idanu za su kasance ta yi girma, wadda sai an yi kokawa ta shiga ta yi kaɗan.

A nan ne malama za ta daure. Yaro ya sha wuya, amma in akwai rami da yatsa zai shiga, ko zare na lilo, ba za ta tafi asibiti ba. A gyara tare da shi a keɓe. Zare ɗaya da ya naɗe yatsan jariri yana iya tsayar masa da jini. Haka kuma babu maɓalli, babu dutsen ado, babu tuntu a ka, babu igiyar ɗaurewa a haɓa. Yara za su so ado, a ba su damar canja launi a tsakiya, wannan ya isa. Talaucin mai karɓa ba dalili ba ne na ba shi abin da ba za mu sa wa namu ba.

Masu sauri, da waɗanda hula ta gagara, a ba su murabba'in bargo. Tsohuwar dabara ce. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan makarantar Amurka sun saƙa irinsu a ƙarƙashin reshen yara na Red Cross. A Afirka ta Kudu akwai Knit-a-Square da aka fara a 2008, wadda ke karɓar murabba'i daga ƙasashe da dama tana haɗa wa marayu barguna. Abin koyi a wurinsu shi ne awo ɗaya tak: santimita 20 kowane gefe, guda 35 bargo ɗaya. Na jariri 16 sun isa, huɗu sau huɗu. A ɗora ido 40, a yi ta saƙa, lokaci-lokaci a naɗo kusurwar ƙasa zuwa tsinke a karkace. In gefe ya haɗu da gefe, ya yi, a rufe.

Wanki da miƙawa

Duk abin da ya ci jarrabawar duma a wanke shi da sabulu marar ƙamshi da ruwan famfo ko na burtsatse mai ɗan ɗumi. Ba a kai shi kanal, ba a kuma aiken yara can da sunan wanki, ruwan da ake ɗaukar tsargiya a cikinsa ne. A matse a hankali, a shimfiɗa a cikin ɗaki kan zane mai tsabta, kada a rataye ya zazzago. In ya bushe sarai a sa kowanne a sabuwar leda. Kada a turara, kada kuma a jefa kafur a akwatin. Ƙwayar kafur da ake sa wa tufafi tana fasa jinin wasu jarirai da aka haifa da wani rauni na gado wanda ya yawaita a Najeriya, ta jawo musu shawara mai tsanani. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi a kai.

Ranar miƙawa yara uku ko huɗu su raka malama, su tsaya a ofis, kada su shiga ɗakin masu jego da tari da majina irin na hunturu. Su miƙa da hannunsu, su ji godiyar Sista da kunnensu, su dawo su ba aji labari. Ba a ɗaukar hoton mai jego, ba a tara masu karɓa a jera su a rana. A roƙi asibitin ya ba duk jaririn da aka haifa, 'yar mai injin casa da 'yar ɗan ƙwadago, don kada hular ta zama tambarin rashi.

Saƙo huɗu za su bi kowace hula ta bakin Sista ko ungozoma. Hula ba ta maye ƙirjin uwa. Ga bakwaini musamman, goyon ƙirji fata da fata, wanda aka fara a wani asibitin Bogota ta Kolambiya a 1978, shi ne babban abin, hula mataimakiya ce. In rana ta yi, ɗaki ya yi zafi, ko aka taɓa ƙeyarsa aka ji gumi, a cire. Ulun roba narkewa yake ya manne a fata, don haka a nisanta shi da kaskon gawayi da fitila, abin da ba a rasa su a ɗakin jego. Kuma kada a ajiye ta da kafur.

In an dawo hutu a Janairu, malama ta koma asibitin da littafinta. Nawa aka bayar? Wanne girma ya fara ƙarewa? Akwai wadda ta saki bayan wanki? In Sista ta ce suna zamewa, a rage santimita biyu a jikin kwalin tun ranar. A tattara tsinkaye a ƙirga, a ɗaure su bibbiyu, a rubuta sunayen 'yan aji biyar da suka fi ƙwarewa, su ne masu koyarwar Satumba mai zuwa. Zaren da ya rage kuwa a fara da shi manyan huluna na almajiran tsangayar unguwa, masu tashi karatu tun kafin alfijir. Kan ɗan shekara bakwai zuwa goma ya kai santimita 52, don haka a ɗora ido 44, a saƙa har santimita 44, kuma a gaya wa alaramma zancen wuta kafin a miƙa.